BABI NA UKU: MULKIN KAMA-KARYA A ZAHIRI DA A ƘAGAGGEN LABARI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an bi diddigin ƙagaggun labaran Hausa tun daga gasar 1933 har zuwa littattafan da suka fara taɓo siyasa kai tsaye. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin ɗora wani nau'in ƙagaggen labari a kan ma'aunin tarihi, domin a ga inda ya yi daidai da abin da ya faru a zahiri da kuma inda ya kauce. Littafin da aka fi dogara a kansa shi ne Gandun Dabbobi na Bala Abdullahi Funtua (1975), wanda fassara ce ta Animal Farm na George Orwell (1945). Za a kuma riƙa leƙa ɗaya littafin na Orwell, wato Nineteen Eighty-Four (1949), duk inda buƙatar hakan ta taso.

Abin da ya jawo hankalin mai wannan nazari shi ne wata magana da ya sha ji a bakin dattawa a Ribah, musamman tsofaffin malaman makaranta da tsofaffin sojoji, cewa a zamanin soja Nijeriya ta zama gandun dabbobi. Maganar tana da daɗin faɗi. Sai dai aikin manazarci shi ne ya tambaya: ta wace fuska, kuma har zuwa ina?

3.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Bahaushe ba baƙo ba ne ga mugun shugabanci, shi ya sa harshensa ke da kalmomi irin su zalunci da danniya da fir'aunanci da kama-karya. Amma masana kimiyyar siyasa sun rarrabe tsakanin iri biyu, kuma rarrabewar ita ce ƙashin bayan wannan babi. Iri na farko shi ne mulkin kama-karya, inda mutum ɗaya ko 'yan tsiraru ke riƙe da iko ba tare da yardar jama'a ba. Abin da irin wannan gwamnati ke nema daga talaka shi ne ya yi shiru ya bar mata kujera. Idan ya yi haka, babu ruwanta da abin da yake tunani a zuciyarsa ko abin da yake faɗa wa matarsa a ɗaka. Iri na biyu shi ne wanda a wannan nazari za a kira mulkin mamaye-komai. Ita wannan gwamnati shiru ba ya isarta. So take ta mallaki makaranta da wurin ibada da kasuwa da iyali, har ma da abin da mutum ya tuna game da jiya. Hannah Arendt (1951) ta nuna cewa Jamus ta Hitler da Tarayyar Sobiyet ta Stalin su ne cikakkun misalansa. Su kuwa Friedrich da Brzezinski (1956) sun lissafa alamominsa shida: aƙida ɗaya da aka tilasta wa kowa, jam'iyya ɗaya a ƙarƙashin mutum ɗaya, 'yan sandan ciki masu firgitarwa, mallake kafofin watsa labarai, mallake makamai, da kuma sarrafa tattalin arziki daga sama.

Dangane da ɓangaren adabi, tun a 1516 Thomas More ya rubuta Utopia, labarin wani tsibiri da komai nasa ke tafiya daidai. Kishiyar wannan ita ce distofiya, wato labarin da ke ƙago wata al'umma da komai nata ya lalace bisa tsari, da gangan, ba bisa tsautsayi ba. Za mu iya kiransa labarin baƙar makoma. Marubucin irin wannan labari yakan ɗauki wata cuta da ya gani a zamaninsa ne ya kambama ta, ya ce wa mai karatu ga inda aka dosa idan ba a yi hattara ba. Gandun Dabbobi ya fi kama da tatsuniya a zubinsa, amma jigonsa na wannan gida ne.

3.2 Tushen Labaran a Turai

Marubutan nan ba daga iska suka ɗauko abin da suka rubuta ba. Yevgeny Zamyatin ɗan Rasha ya rubuta littafinsa mai suna We a tsakanin 1920 da 1921, inda mutane ba su da suna sai lamba, kuma suna zaune cikin gidajen gilashi domin hukuma ta riƙa ganinsu. Ba a yarda an buga shi a ƙasarsa ba sai 1988. Shi kuwa Orwell, wanda sunansa na yanka Eric Blair, ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a Bama daga 1922 zuwa 1927, wato ƙasar nan da daga baya kakanninmu na ƙasar Zuru da dama suka je yaƙi a cikinta a ƙarƙashin tutar Ingila. Bayan haka ya yi yaƙin basasar Sifen, inda a 1937 ya ga yadda magoya bayan Stalin suka juya wa abokan gwagwarmayarsu, suka kira su maciya amana, jaridu kuma suka buga ƙaryar kamar gaskiya. Da ƙyar ya tsira da ransa.

Saboda haka kusan kowane abu a cikin Animal Farm yana da takwaransa a tarihin Rasha. Korar manomi ita ce juyin juya halin 1917. Aladen da aka fatattaka daga gandu shi ne Trotsky, wanda aka kora daga ƙasar a 1929, aka kuma bi shi har Meziko aka kashe a 1940. Dabbobin da suka amsa laifin da ba su yi ba aka yayyaga su su ne waɗanda aka gurfanar a shari'o'in Mosko na 1936 zuwa 1938. Takardun hukumar kanta da aka buɗe bayan rushewar Sobiyet sun nuna an harbe mutum kusan 680,000 a 1937 da 1938 kawai. Haka nan aikin Winston Smith, tauraron Nineteen Eighty-Four, na gyara tsofaffin jaridu domin su dace da maganar yau, ba ƙage ba ne zalla. An goge Nikolai Yezhov daga hoton da ya ɗauka tare da Stalin bayan an kashe shi. Bayan faɗuwar Beria a 1953 kuma, an aika wa masu sayen babban kundin ilmi na Sobiyet sababbin shafuka, aka umarce su su yanke bayanin Beria su liƙa wanda ya ƙunshi bayanin tekun Bering a gurbinsa. A lokacin Orwell ya riga ya rasu tun Janairun 1950, ke nan a nan tarihi ne ya bi sawun labari.

3.3 Gandun Dabbobi da Zamanin Soja a Nijeriya

Funtua bai bar labarin a Ingila ba, ya jawo shi ƙasar Hausa ya raɗa wa taurarinsa sunayen da suke bayyana halinsu. Mai gandu ya zama Nomau, tsohon aladen da ya yi mafarkin 'yanci ya zama Dattijo, shugabannin tawaye biyu suka zama Maitumbi da Ɗantulu, kakakin gwamnati ya zama Karambana, ingarman dokin nan mai aikin ƙarfi kuma ya zama Akawal. Wannan ya sa mai karatu Bahaushe, wanda tun yana yaro ya saba da fadar Zaki da makircin Gizo, bai buƙaci sanin Stalin kafin ya fahimci saƙon ba. Akwai dai wata 'yar asara a nan. Ga mafi yawan Hausawa alade abin ƙyama ne tun fil azal, don haka tun daga shafin farko ba su tsammanin alheri daga gare shi, alhali marubucin asali ya so a fara amincewa da aladun ne sannan a ga lalacewarsu sannu a hankali. A wasu ƙauyukan ƙasar Zuru inda ake kiwon alade, aka kuma san wayonsa da haɗamarsa, mai yiwuwa a fi karanta labarin yadda aka nufa.

Shekarar da littafin ya fito ma abin lura ce. A ranar 1 ga Oktoba 1974 Janar Yakubu Gowon ya janye alkawarin da ya yi na miƙa mulki a 1976, sannan aka hamɓarar da shi ranar 29 ga Yuli 1975. Ke nan littafin ya iske masu karatu da suka riga suka ɗanɗana yadda mai ceto ke rikiɗewa. Kowane juyin mulki a Nijeriya da jawabin Dattijo yake farawa: an zayyana ɓarnar waɗanda aka kora, an yi alkawarin gyara, jama'a sun fito murna. Haka aka yi ranar 31 ga Disamba 1983, haka ranar 27 ga Agusta 1985, haka kuma ranar 17 ga Nuwamba 1993 lokacin da Janar Sani Abacha ya ture gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan, har wasu 'yan rajin dimokuraɗiyya suka karɓi muƙamin minista a wurinsa.

Kamanci mafi ƙarfi, a ganin mai wannan nazari, shi ne na doka. A gandu an rubuta dokoki bakwai a jikin bango. Duk lokacin da aladu suka so karya ɗaya, sai a wayi gari an ƙara mata 'yan kalmomi a ƙarshe waɗanda suka halatta abin da ta haramta, dabbobi kuma su zargi ƙwaƙwalwarsu da mantuwa. Dokar soja haka take aiki, don kuwa mai yin ta shi ne mai karya ta, kuma shi ne mai gyara ta. Dokar soja ta 2 ta 1984 ta ba da ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba. Ta 4 ta wannan shekara ta haramta buga abin da zai kunyata gwamnati ko jami'inta, kuma da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda a kan labarin naɗin jakadu. Mafi muni ita ce ta 20 ta 1984, wadda aka mayar da aikinta baya, har aka harbe mutum uku a Afrilun 1985 saboda safarar miyagun ƙwayoyi, alhali akwai wanda a lokacin da ya aikata laifin hukuncinsa ba kisa ba ne. Wannan daidai yake da a rubuta doka a bango bayan an riga an kama mai laifi. A 1994 kuma gwamnatin Abacha ta kafa doka ta 12 wadda ta hana kotuna bincikar ayyukanta gaba ɗaya. Shi ma jadawalin miƙa mulki na Janar Ibrahim Babangida ya sha irin wannan gyara: daga 1990 zuwa 1992, daga nan zuwa Janairun 1993, sannan Agustan 1993, daga ƙarshe aka soke zaɓen 12 ga Yuni bayan an riga an kaɗa ƙuri'a.

Abu na biyu shi ne maƙiyin da ake ɗora wa kowane laifi. Bayan an kori Ɗantulu, duk abin da ya lalace a gandu shi ne, hatta rushewar injin da iska ke juyawa, wanda a gaskiya guguwa ce ta kayar da shi saboda bangonsa ba shi da kauri. A zamanin Abacha ƙungiyar NADECO, wadda aka kafa a Mayun 1994, ita ta ɗauki wannan matsayi. Da bama-bamai suka riƙa tashi a Legas da wasu wurare, ita aka nuna wa yatsa, har a Maris 1997 aka tuhumi Wole Soyinka da Anthony Enahoro da wasu da cin amanar ƙasa. Bugu da ƙari, akwai batun amsa laifi. A 1995 aka ce an gano shirin juyin mulki, kotun soja ta zauna a asirce, ta yanke wa Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa hukuncin kisa, Janar Olusegun Obasanjo kuma ɗaurin rai da rai, kafin matsin lambar duniya ya sa a sassauta zuwa shekara 25 da shekara 15. Kanar Bello-Fadile, wanda aka yi amfani da shaidarsa a kan Obasanjo, daga baya ya nemi gafara ya ce azaba ce ta sa ya faɗi abin da ya faɗa. 'Yar'aduwa dai bai fito ba, ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997. An kuma haɗa da 'yan jarida huɗu, wato Kunle Ajibade da Chris Anyanwu da George Mbah da Ben Charles Obi, waɗanda laifinsu shi ne rubutu a kan shari'ar. A wannan shekara ta 1995 ɗin ce, ranar 10 ga Nuwamba, aka rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa Ogoni takwas.

Kada a ɗauka abin ya tsaya a Kudu. Ranar 20 ga Afrilu 1996 aka kira Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi ofishin gwamnan soja na Sakkwato, aka sanar da shi an tuɓe shi, aka ɗauke shi zuwa Zing ta jihar Taraba. Idan har rawanin Sarkin Musulmi zai sauka cikin yini ɗaya, to hakimi ko dagacin ƙauye ba ya buƙatar a yi masa ƙarin bayani. Sannan ga labarin Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, wanda ya ɓace, iyalinsa suka yi ta nema, sai a 1998 'yan sanda suka fito suka ce shi ne mutumin da bam ya tashi da shi a otal ɗin Durbar a Janairun 1996. Abokan aikinsa ba su taɓa yarda da wannan bayani ba. Wannan shi ne wuri guda da tarihin Nijeriya ya fi kusantar Nineteen Eighty-Four, inda mutum kan ɓace a wayi gari kamar ba a taɓa haihuwarsa ba.

Karnukan Maitumbi su ma suna da takwarorinsu. A labarin, 'yan kwikwiyo tara ya ɗauke daga iyayensu ya rene su a ɓoye, don haka ba su san kowa ba sai shi. Muhimmin abu a nan shi ne ba rundunar gandu ba ce, rundunar mutum ɗaya ce. Haka aka kafa wata runduna ta musamman a ƙarƙashin ofishin babban dogarin Abacha, Manjo Hamza Al-Mustapha, wadda manyan hafsoshi ma ke shakka. Tumakin da ke ɓarkewa da kuka ɗaya duk lokacin da wani zai yi magana kuwa, an gan su a Abuja a Maris 1998 a gangamin da aka ce na mutum miliyan biyu ne, wanda ƙungiyar matasa ta Daniel Kanu ta shirya domin roƙon Abacha ya zarce. Wata guda bayan haka, jam'iyyu biyar ɗin da gwamnati ta yi wa rajista duk suka tsayar da shi ɗan takararsu, abin da ya sa Bola Ige ya kamanta su da yatsun hannun kuturu. Game da madara da 'ya'yan itacen da aladu suka keɓe wa kansu da sunan lafiyar ƙwaƙwalwa, ya isa a ambaci cewa fiye da shekara ashirin bayan rasuwar Abacha ana ta dawo da kuɗin da aka ɓoye a waje, ciki har da kusan dala miliyan 311 da aka dawo da su a 2020.

Tauraron da ya fi taɓa zuciyar mai wannan nazari shi ne Akawal. Ba shi da karatu mai zurfi, amma yana da ƙarfi da amana, kuma maganinsa ga kowace matsala shi ne ya ƙara ƙwazo ya kuma yarda da shugaba. Da ƙarfinsa ya ƙare, sai aka sayar da shi ga mahauta, aladu suka sayi giya da kuɗin, Karambana kuma ya ba da labarin cewa a asibiti ya cika cikin kulawa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Zuru ya san Akawal. Ƙasar ta shahara da aikin soja tun zamanin Turawa, har da wuya a sami zuri'ar da ba ta da soja. Ta fitar da manya irin su Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja na Bauchi daga 1984 zuwa 1985 kafin daga baya ya zama Sarkin Zuru, da Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, hafsan hafsoshin sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Amma a bayan kowane janar akwai ɗaruruwan kurata da kofur-kofur da suka yi yaƙin basasa ko suka je Laberiya da Saliyo, suka dawo gida suna bin layin fansho. A al'adar Lelna akwai golmo, inda saurayi ke shafe shekaru yana noma wa surukansa tare da tsaransa. Aiki ne mai wuya, amma an san ranar ƙarewarsa, an kuma san ladansa. Aikin Akawal golmo ne da ba shi da amarya a ƙarshe. Wannan ya nuna cewa kuskure ne a ɗauki duk mai kaki a matsayin kare na gandu, domin akasarinsu dawakai ne.

3.4 Inda Kamancin Ya Tsaya

Duk da abubuwan da aka zayyana, wannan nazari bai yarda cewa Nijeriya ta taɓa shiga mulkin mamaye-komai ba. Idan aka koma ga alamomi shida na Friedrich da Brzezinski, za a ga cewa ta farko ma babu ita. Babu wata aƙida da sojoji suka zo da ita. Shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984 ya koya wa mutane bin layi da bulala da tsallen kwaɗo, hukumar MAMSER ta 1987 ta yi ta wa'azin kishin ƙasa, Babangida ma ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu a 1989 ya rubuta musu manufofi ya gina musu ofisoshi, amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai ya maye gurbin masallaci ko coci ko al'ada a zuciyar kowa. Mobutu na Zayar ya fi su nisa, tunda ya sa kowane ɗan ƙasa ya zama ɗan jam'iyyarsa tun daga haihuwa, ya kuma tilasta wa mutane sauya sunayensu na Turawa a 1972.

Sannan akwai batun iyawa. Duniyar Nineteen Eighty-Four tana buƙatar gwamnati mai ido a kowane ɗaki: allon da ke kallon mai kallonsa, yaran da ke kai ƙarar iyayensu, ma'aikatar da ba ta barin ko takarda ɗaya ta tsira. Jamus ta Gabas ta kusanci haka, domin a 1989 hukumar leƙen asirinta ta Stasi tana da ma'aikata kusan 91,000 ban da 'yan rahoto fiye da 170,000, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 17 ba. Gwamnatin da ba ta iya tsayar da wutar lantarki ba, ba ta kuma san adadin mutanenta ba tare da gardama ba, ba za ta iya wannan ba ko da ta so. A wuri irin Ribah da ƙauyukan Danko-Wasagu, abin da dattawa suka fi kuka da shi game da wancan zamani shi ne rashin ganin gwamnati: hanya ta lalace, taki bai zo ba, man fetur ya yi wuya. Talaka yakan gamu da hukuma ne a shingen kan hanya ko ranar karɓar haraji, daga nan ya koma gonarsa ya faɗi abin da ya ga dama.

Harshe da labari ma sun fi ƙarfin sojoji. A littafin Orwell hukuma tana rage kalmomin harshe kowace shekara domin a wayi gari babu kalmar da za a yi tunanin tawaye da ita. A nan kuwa akasin haka aka gani, don a wancan zamani ne kalmomi irin su ta-zarce suka yaɗu, kuma habaici da zambo da karin magana suka yi aikinsu yadda suka saba. Gaskiya ne Gaskiya Ta Fi Kwabo da Rediyon Kaduna da Rima Rediyo na gwamnati ne, kuma sun yi aikin Karambana a lokuta da dama. Amma da ƙaramar rediyo da batir biyu, manomi yana kama Sashen Hausa na BBC, wanda ke watsa shiri tun 1957, ko Muryar Jamus ko Muryar Amurka, ya gwada maganar wannan da ta wancan. A Legas mujallun Tell da TheNews da Tempo sun ci gaba da fitowa daga maɓoya duk da kame da ƙwace, 'yan adawa kuma suka buɗe Rediyo Kudirat daga ƙasar waje. Dabbobin gandu sun halaka ne saboda babu wanda ya riƙe abin da aka rubuta a bango tun farko, in ban da tsohon jakin da ya sani ya ƙi magana. Nijeriya kuwa jakunanta sun yi yawa, kuma ba su yi shiru ba.

Wata shaida ita ce har yau ba a haɗu a kan hukunci ɗaya game da wancan zamani ba. A Arewa akwai masu tuna Abacha da hanyoyi da magungunan asusun PTF da kuma tsayuwar farashin Naira, akwai kuma masu tuna shi da kurkuku da kisa. Mai wannan nazari ya ji ɓangarorin biyu suna musu a inuwa ɗaya ranar kasuwa. Ko wane ne ke da gaskiya, musun kansa abu ne da ba zai yiwu a duniyar Winston Smith ba.

Ƙarshen labarin ma ya bambanta. Orwell ya rufe littattafansa biyu ba tare da ya bar ƙofa ba: aladu sun koma tafiya da ƙafa biyu suna caca da mutane har ba a iya rarrabe su, Winston kuma an karya shi har ya ƙaunaci wanda ya azabtar da shi. A Nijeriya Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni 1998, Janar Abdulsalami Abubakar ya saki fursunonin siyasa, kuma ranar 29 ga Mayu 1999 ɗaya daga cikinsu, Obasanjo, ya karɓi mulki. Waɗanda ake tsoro jiya suka koma gaban alƙali. An tsare Bamaiyi daga 1999 har zuwa 2008 kafin kotu ta wanke shi, Al-Mustapha kuma aka yanke masa hukuncin kisa a 2012 a kan kisan Kudirat Abiola, kotun ɗaukaka ƙara ta sallame shi a 2013. An kafa kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa a 1999 domin binciken take haƙƙin ɗan Adam, mutane suka zauna gaban talabijin suna kallon manyan hafsoshi na tona wa juna asiri. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a Mayun 2002. Gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba, bayan ƙarar da Babangida ya shigar yana ƙalubalantar ikon kwamitin, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka sa shi a intanet a 2005.